Karbonara da Taliyar Ramen: Haɗuwar Girki Biyu da Yaƙi Ya Haifa

Gabatarwa

Akwai wani girki da ya yaɗu a tsakanin ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Amurka da Turai da gabashin Asiya, wanda ba ya cin mutum fiye da minti 10. Ana ɗaukar ƙunshin taliyar nan mai saurin dahuwa da ake kira ramen, wato irin wadda muka fi sani da sunan Indomie, a ajiye ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar gefe guda, a tafasa taliyar. Kafin ta dahu an riga an kaɗa gwaiduwar ƙwai da gogaggen cuku da baƙin masoro a kwano, an kuma soya 'yan yankan nama har sun fitar da mai. Daga nan sai a sauke tukunya daga wuta, a haɗa duka, a zuba ɗan ruwan da aka dafa taliyar da shi, a yi ta juyawa har ƙwan ya zama miya mai kauri da santsi. Wannan shi ne ake kira karbonara ta ramen.

Mutanen Italiya, musamman na birnin Rum, ba sa jin daɗin wannan suna. A ganin da yawa daga cikinsu, karbonara gadon kaka da kakanni ce, haɗa ta da taliyar leda kuwa wulaƙanci ne. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun girke-girken biyu, a ga ko wannan ƙorafi yana da madogara a tarihi. Abin da mai karatu zai tarar shi ne, karbonara da ramen mai saurin dahuwa tsaran juna ne, kuma yunwar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu da abincin Amurka suna da hannu a haihuwar kowannensu.

Asalin karbonara

Ƙa'idar da ake bi a Rum a yau ta taƙaita girkin ga abubuwa biyar: taliya, gwaiduwar ƙwai, cukun nonon tumaki da ake kira pekorino, naman kumatun alade da aka yi wa gishiri aka shanya wanda suke kira gwancale, sai baƙin masoro. Wanda ya ƙara kirim ɗin madara ko tafarnuwa ko albasa, to ya fita daga hanya.

Game da sunan kuwa, akwai labarai iri-iri. Da yake carbone a harshen Italiyanci na nufin gawayi, wasu sun ce abincin masu ƙona gawayi ne a cikin duwatsun tsakiyar ƙasar. Wasu sun danganta shi da ƙungiyar asirin nan ta Carbonari ta farkon ƙarni na 19. Wasu kuma sun ce masoron da ake barbaɗawa ne ya yi kama da ƙurar gawayi. Mai nazarin harshe ya saba da irin wannan al'amari, inda kalma kan fara samuwa sannan daga baya a ƙago mata labarin da zai dace da ita. Mu ma nan an daɗe ana gaya mana cewa kalmar Hausa daga "hau sa" ta fito. Labarin yana da daɗin ji, amma daɗin ji ba hujja ba ne.

Idan aka koma ga rubutattun shaidu, sai lamarin ya sake kama. A 1930 Ada Boni ta wallafa littafinta La cucina romana, wanda ya tattara girke-girken birnin Rum, amma babu karbonara a ciki. An dai tsinci sunan a wata jarida ta harshen Holanci ta 1939, ba tare da bayanin abin da ake sa wa girkin ba. A cikin Italiya kanta, a 1950 jaridar La Stampa ta ambace shi, kuma ta ambace shi ne a matsayin abincin da hafsoshin Amurka suke nema a unguwar Trastevere bayan sojojin ƙawance sun shiga Rum a watan Yuni na 1944. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, bayanin yadda ake dafa shi na farko da aka buga ba a Italiya ya fito ba. A birnin Shikago na Amurka ya fito, a 1952, cikin littafin Patricia Bronté mai suna Vittles and Vice, inda ta kawo girkin wani gidan abinci da ake kira Armando's. Mujallar La Cucina Italiana ta buga nata a watan Agusta na 1954, kuma a ciki akwai tafarnuwa da cukun gruyère, wanda asalinsa na ƙasar Suwizalan ne. Da wani zai dafa wannan a Rum a yau, da ya sha zagi.

To, me ya faru a 1944? Birnin Rum ya fito daga mamayar Jamus cikin matsananciyar yunwa. Sojojin Amurka kuwa sun zo da guzuri mai yawa, ciki har da garin ƙwai da kyafaffen naman alade, waɗanda suka riƙa malala zuwa kasuwar bayan fage. Haɗa taliya da ƙwai da cuku ba baƙon abu ba ne a kudancin Italiya, domin an san irinsa a Nafoli tun ƙarni na 19. Sabon abin shi ne haɗuwar wannan tsohuwar dabara da ƙwai da naman da Ba'amurke ya saba karya kumallo da su. Wani kuku ɗan Bologna, Renato Gualandi, ya yi iƙirarin cewa shi ya fara haɗa girkin a 1944 a garin Riccione, a wata liyafa da aka shirya wa hafsoshin Ingila da Amurka. Ko an karɓi maganarsa ko ba a karɓa ba, kayan haɗin da lokacin da sunan ya bazu duk suna nuni ga wuri ɗaya.

Ita kanta ƙa'idar abubuwa biyar ɗin ba ta kafu da wuri ba. A littafin Luigi Carnacina na 1960, La grande cucina, an sa gwancale, amma an sa kirim tare da shi. Har a 1989 Gualtiero Marchesi, wanda ake ɗauka babban malamin girkin Italiya na zamani, yana zuba kirim a tasa karbonarar. Sai wajen shekarun 1990 aka kore shi gaba ɗaya. Masana tarihin abinci irin su Luca Cesari sun bi waɗannan matakai dalla-dalla, kuma lokacin da Alberto Grandi na Jami'ar Parma ya faɗi makamancin haka ga jaridar Financial Times a 2023, ƙasar ta ɗauki zafi kamar ya zagi tuta. Ke nan abin da ake karewa da sunan gadon kakanni bai wuce shekara arba'in da daidaituwa ba.

Ramen da alkamar Amurka

Ramen ba asalin abincin Japan ba ne. Daga Sin ya shigo ta hannun baƙi mazauna garuruwan bakin teku, kuma shagon Rairaiken da aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910 yana cikin na farko da suka sayar da shi ga talakawan birni. Abin da ya bambanta taliyarsa da ta Italiya shi ne ruwan da ake kwaɓa garin da shi, wanda suke kira kansui. Ruwa ne mai sinadari irin na kanwa, shi ke ba taliyar launin rawaya da danƙo.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, kuma a wannan shekarar noman shinkafa ya lalace ƙwarai. Amurka, wadda ta mamaye ƙasar, ta shiga shigo da alkama don kashe wutar yunwa, ta kuma ci gaba da haka bayan mamayar, musamman da aka kafa dokar 1954 ta sayar da rarar amfanin gonarta ga ƙasashen waje cikin rangwame. Hukuma ta fi son a yi burodi da garin, har aka riƙa ba 'yan makaranta burodi da madarar gari. Amma wani kaso ya zurare zuwa rumfunan masu sayar da ramen a kasuwannin bayan fage, kamar yadda George Solt ya nuna a littafinsa na 2014 kan tarihin ramen.

A nan ne Momofuku Ando ya shigo. An haife shi a Taiwan a 1910, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Japan. Bisa ga nasa bayanin, dogon layin mutane da ya gani cikin sanyi a gaban wata rumfar ramen a Osaka bai fita daga ransa ba. Bayan ya yi karayar arziki a 1957, sai ya kafa ɗan ɗaki a bayan gidansa a Ikeda ya duƙufa gwaji. Matsalar ita ce yadda za a busar da dafaffiyar taliya ta daɗe ba ta lalace ba, kuma ta farfaɗo nan take idan ta ji ruwan zafi. Mafitar da ya samu ita ce a turara taliyar sannan a tsoma ta cikin tafasasshen mai. Mai yana korar ruwan da ke ciki, ya bar ƙananan ƙofofi masu yawa, waɗanda ta cikinsu ruwan zafi zai sake shiga cikin minti uku. Ranar 25 ga Agusta 1958 ya fitar da Chikin Ramen a kan yen 35, kusan ninki shida na farashin ɗanyar taliyar gargajiya a lokacin. Wato abincin da yau ake wa kallon na talaka ya fara ne a matsayin na masu hali. Ya kamata a ƙara da cewa wannan labari kamfaninsa, Nissin, ya goge shi ya yi sumul. Akwai wasu 'yan asalin Taiwan a Osaka da suke yin irin wannan taliya a daidai lokacin, har aka yi ta jayayya kan haƙƙin mallakar dabarar.

A 1966 Ando ya je Amurka neman kasuwa, ya ga masu kantuna suna karya taliyar cikin kofin takarda suna ci da cokali mai yatsu. Daga nan Cup Noodle ta samo asali a 1971. Koriya ta Kudu ta riga ta fara nata a 1963 ta hannun kamfanin Samyang, Indonesiya kuma ta fitar da Indomie a 1972. A yanzu duniya na cin fiye da ƙunshi biliyan 100 a kowace shekara.

Inda suka haɗu

Haɗuwar ta bi hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗakin girkin ɗalibi, wanda ya daɗe yana fasa ƙwai a cikin ramen don ya ƙoshi, kuma bai jira izinin kowa ba. Daga baya manyan kuku suka ba abin daraja. David Chang, Ba'amurke ɗan asalin Koriya mai gidan abincin Momofuku a New York, ya nuna a farkon shekarun 2010 yadda ake yin girkin Rum na cuku da masoro da taliyar leda. Daga cuku da masoro zuwa karbonara kuwa, ƙwai da nama kawai za a ƙara.

Hanya ta biyu ta masana'anta ce. A 2017 Samyang ya fitar da wani nau'i na taliyarsa mai yaji, Buldak, da ɗanɗanon karbonara, cikin leda mai ruwan hoda, ya kuma sami kasuwa har a Amurka. Miyarsa ta kirim ce da cuku da barkono. Ba'italiye zai ce wannan ba karbonara ba ce, amma a nan akwai abin lura. Japan da Koriya da Amurka sun karɓi girkin ne a zamanin da ake sa masa kirim, suka riƙe shi a haka, alhali garin da ya fito ya sauya ƙa'ida. Haka aron kalma yake yi. Ingila ta bar sule da sisi tun 1971, mu ma muka koma naira da kwabo a 1973, amma har gobe Bahaushe na cewa ba shi da ko sisi. Karbonara mai kirim tsohuwar siga ce da ta rayu a wajen gida.

Abin lura kuma shi ne lokacin da zafin kishin ya ƙaru. A 2016 wani faifan bidiyo daga Faransa, wanda ya nuna an zuba taliya da albasa da nama a tukunya ɗaya an gama da kirim, ya tayar da ƙura a jaridun Italiya. A shekarar da ta biyo baya masu masana'antun taliya na ƙasar suka tsayar da 6 ga Afrilu a matsayin ranar karbonara. Ba laifi ba ne al'umma ta yi alfahari da abincinta, amma yana da kyau a san cewa 'yan kasuwa ne suka sa ranar.

Ban ce girkin biyu ɗaya suke a baki ba. Sufageti yana da tauri a haƙori wanda ramen ba shi da shi, kuma taliyar da aka riga aka soya takan yi laushi da wuri, ga maiƙo. Sai dai a wani ɓangaren ramen ya fi dacewa da aikin. Gwaiduwa tana fara kauri a wajen digiri 65, tana daskarewa idan ta haura 70, ruwa kuwa sai a 100 yake tafasa. Saboda haka ake sauke tukunya kafin a zuba ƙwan, kuma saboda haka ake buƙatar ruwan dahuwa, domin sitacin da ke cikinsa yana hana ƙwan dunƙulewa. Ramen ana dafa shi cikin ɗan ruwa kaɗan, don haka ruwansa ya fi kauri da sitaci, ga kuma man suyar da yake saki, wanda ke taimaka wa miyar ta kama jikin taliya.

Indomie ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, kuma ba a daɗe ba ta zauna daram a teburin mai shayi tare da ƙwai. Naman alade dai ba ya cikin lissafi a nan, kamar yadda Musulmin wasu ƙasashe suke musanya shi da kyafaffen naman sa. Amma taliyar da ƙwan suna nan, a kasko ɗaya, kowane dare. Mai shayi yana soya ƙwansa a kan wuta har ya daskare, ko ya kaɗa shi cikin taliyar tana tafasa. Kukun Trastevere kuwa sai ya janye kaskon daga wuta tukuna.