Kwari da Baka a Tabkin Kwatto: Makamin da Ya Ci Yaƙi, Doki Ya Karɓi Yabo

Wani mai karatu ya aiko mana da tambaya bayan hawan Sallar da ya wuce. Ya ce ya lura 'yan baka sun zo sun wuce a ƙasa a gaban ayari, ba wanda ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto, kowa barade da 'yan lifidi yake jira. Shi ne yake son sani, wai da gaske an taɓa cin yaƙi da wannan sanda mai tsirkiya, ko dai kayan farauta ne aka sa a hawa don ado?

Amsa ita ce an ci, kuma ba ƙaramin yaƙi ba. Karon da ya juya tarihin ƙasar Hausa baki ɗaya, wato na Tabkin Kwatto ranar 21 ga Yunin 1804, 'yan baka ne suka tsaya a tsakiyarsa. Amma kafin mu je bakin tabkin, ya kamata mu riƙi makamin a hannu tukuna, domin wanda bai san yadda aka yi shi ba, ba zai gane abin da ya faru ran nan ba.

Bakan ƙasar nan itace ɗaya ne tilo, tsawonsa wajen ƙafa 5. Ba irin na Turkawa da Mongol ba ne da ake harhaɗa itace da ƙaho da jijiya a manne su da danƙo, a yi watanni ana jiran ya kama. Namu daga daji ake saro shi. Abin da mai yin baka ke nema a jikin itace shi ne ya tanƙwaru bai karye ba, in an sake shi kuma ya koma yadda yake da sauri. Shi ya sa dargaza ta yi suna a wannan aiki, don itacenta na da wannan ja da komawa. Ɗunɗu ma ana yi da shi, yana da tauri ƙwarai, sai dai samun miƙaƙƙen reshe a jikinsa aiki ne. Inda gora take, a ƙasashen kudu da bakin tsaunuka, da ita ake yi. A sare, a bar shi ya bushe a inuwa, a feƙe bakunan biyu su yi siriri tsakiya ta zauna da kauri, a gasa shi sama-sama a wuta don a miƙar da inda ya karkace, a riƙa shafa masa mai. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ba a sare baka ranar yaƙi. Tsirkiya kuwa fata ce ake yankawa siririya a murɗa ta.

Kibiyar ce ke ba baƙo mamaki. Gajera ce, wajen ƙafa 2, jikinta kyauro, kuma babu gashin tsuntsu a gindinta kamar na Turawa da Larabawa. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke miƙar da ita. Maƙeri ne ke ƙera kan, ya fitar masa da kunnuwa masu kallon baya, yadda in ta shiga nama, zare ta ya fi shigarta ɓarna. Irin wannan kibiya ba ta dogon zango ba ce. Maharbi ba ya ja ya tsaya yana auna na tsawon lokaci. Yakan matso, ya ɗana, ya ja, ya saki kusan a numfashi ɗaya, hannunsa ya koma kwari. Saurin sakewa da kusanci su ne gwanintarsa, kuma farauta ce ke koya masa su, inda laɓaɓawa ta fi ƙarfin damtse amfani.

To in baka ba shi da ƙarfin huda sulke, kibiya kuma ba ta nisa, ina ƙarfin yake? Yana cikin dafi. Uwar dafin ƙasar nan ita ce 'ya'yan kwankwani, waɗanda ake dakawa a dafa har su yi kauri, a shafa a wuyan ƙarfen bayan kunnuwa. Kowane gidan maharba da abin da yake ƙarawa, wasu tinya, wasu tururibi, kuma sirri ne da uba ke bar wa ɗa tare da makarinsa. Aikin kwankwani a zuciya yake: in ya shiga jini sai ya rikita bugunta har ta tsaya. Likitocin Turai sun gane haka daga wata 'yar'uwarsa da ake harbi da ita a yankin kogin Zambezi, har wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya tace sinadarin, aka yi shekara da shekaru ana ba masu ciwon zuciya shi a ma'auni kaɗan. Abin da wannan ke nufi a fagen fama shi ne ɗan baka ba ya bukatar ya sami ƙirji ko wuya. Ƙwarzane a ƙafar doki ya isa.

Yanzu sai Kwatto. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan wata huɗu Sarkin Gobir Yunfa ya taso daga Alƙalawa da rundunar da ta haɗa Gobirawa da Abzinawa da wasu Fulani da ba su bi Shehu ba, a gabanta akwai 'yan lifidi wajen 100. Jama'ar Shehu kuwa, bisa abin da shugabanninta suka rubuta da hannunsu, dawakinsu ba su wuce 20 ba. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, shi ya ja su. A lissafin yaƙin wancan zamani, magana ta ƙare tun ba a fara ba, domin shekaru aru-aru doki ne ke yanke hukunci a filin ƙasar Hausa, dakaru kuwa aikinsu su bi baya.

Muhammadu Bello, wanda aka yi karon da shi, ya bayyana a Infaƙul Maisuri yadda nauyin mayaƙan Gobir ya danne ɓangarorin jama'a biyu, na dama da na hagu, ya tura su cikin tsakiya, ita kuwa tsakiyar ta ƙi motsi, aka yi ta musayar harbi har rundunar Yunfa ta karye. Sarki ya tsere, ya bar sansaninsa da kayansa.

A nan masu ba da labari suka rabu. Labarin da ya fi yawo a bakin mutane na karama ne zalla: 'yan kaɗan sun rinjayi masu yawa kamar ranar Badar, kuma su kansu Abdullahi da Bello da Badar suka kwatanta ranar. In mai zane ko mai shirya fim ya tashi nuna wannan labari, sai ka ga mahaya da rawuna da takubba a zare, alhali mutanen ba su da dawakin. Akwai kuma masu cewa ba jama'a ce ta ci ba, Gobir ce ta faɗi da kanta, don mayaƙanta da yawa zuciyarsu ba ta tare da Yunfa. Sai na uku, marubutan tarihi irin su H. A. S. Johnston da Joseph Smaldone, waɗanda suka ɗora nasarar a kan 'yan baka.

Ni a wurina na ukun nan ne ya fi tsayawa da ƙafafunsa, kuma bai ci karo da na farko ba. Taimakon Allah yakan zo ta hanyar sababi, kuma malaman da suka ja jama'ar sun fi kowa sanin haka: sun karanta falalar harbi a hadisi, sun kuma san abin da ya sami Musulmi a Uhudu lokacin da maharba suka bar dutsen da aka tsayar da su. Maganar cewa Gobir ta faɗi da kanta kuwa, abin da ya biyo baya ya rushe ta. Gobirawan nan da Abzinawansu ne suka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200, kuma sai a 1808 aka iya cin Alƙalawa. Rundunar da ta ruɓe daga ciki ba ta yin haka.

Ku dubi bayanin Bello da idon maharbi. Da aka matse ɓangarorin biyu cikin tsakiya, jama'a ta zama dunƙule guda, ba gefen da doki zai kewaya ya shiga, kuma duk wanda ya matso ya shigo daidai zangon da gajeriyar kibiya ke aiki. Lifidi yana tare kibiya, gaskiya ne, don haka ma aka yi shi, amma yana da nauyi da zafi, ba ya rufe ƙafafun doki duka, kuma yawancin mahayan Gobir ba su da shi. Dokin da ya ji kibiya yakan birkice ya afka wa na bayansa. Gobir ma tana da 'yan baka, amma su 'yan rakiyar barade ne, da barade suka juya sai kowa ya juya. Su kuwa mutanen Shehu, matansu da 'ya'yansu na Gudu, ba inda za su gudu su je.

Wasu marubutan sukan ce maharban Shehu duk Fulani makiyaya ne kawai. Ba shakka makiyayin da ya tashi yana kare garkensa daga kura da zaki da ɓarawo gwani ne, kuma su ne ƙashin bayan sahun. Amma jama'ar Gudu ta haɗa da Hausawa, kamar mutanen Malam Abdussalami, da ma wasu Abzinawa. Baka makamin duk wanda ba shi da kuɗin doki ne. Dokin yaƙi da kayansa sai sarki da bayinsa da attajiri. Kwari da baka kuwa daji ne ke bayarwa, sai ɗan abin da za a ba maƙeri.

Akwai wata magana da ba a cika so a taɓa ba, ita ce ta dafi. Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da malaman jihadi suka sha karantarwa, ya sa kibiya mai dafi cikin abubuwan da aka hana a yaƙi, masu sharhi kuma suka ce daga dalilan akwai tsoron kada abokin gaba ya tsince ta ya maido wa Musulmi. Don haka wasu ke ganin ba zai yiwu a ce an harba dafi a ƙarƙashin tutar Shehu ba. Ina girmama wannan kishi, amma makiyayi da mafarauci da aka kira cikin gaggawa da kwarin da ke rataye a bukkarsa zai fito, kuma shaidar shekarun da suka biyo baya a fili take. A watan Afrilun 1823 Baturen nan Dixon Denham ya bi wata runduna ta Larabawa masu bindiga da mayaƙan Barno da na Mandara zuwa wani garin Fulani da ya kira Musfeia. Mutanen garin suka tsaya bayan shingen itace masu tsini, mata na miƙo musu kibau, suka tarwatsa maharan. Dawaki suka riƙa faɗuwa jim kaɗan bayan an harbe su. Madugun Larabawan, Bu Khalum, kibiya ce ta same shi a ƙafa, ya faɗo daga kan doki ya mutu a hanyar gudu. Shi kansa Denham da ƙyar ya sha, bayan an tuɓe shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi a tarihin bakan nan shi ne saurin da aka yi aka juya masa baya. Da nasara ta zo, dawaki suka zo, 'ya'yan waɗanda suka tsaya a ƙasa a Kwatto suka hau sirdi. A 1826 wani Baturen, Hugh Clapperton, ya kalli rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kewaye Konya, inda Gobirawa suka koma da zama. Abin da ya gani kishiyar Kwatto ne: mahaya da 'yan lifidi a ɓangaren Sakkwato, suna tsaye nesa da inda kibiya ke kaiwa, Gobirawa kuwa a bayan ganuwa suna harbi a tsanake, ba sa ɓarnar kibiya. Ba a ci garin ran nan ba.

Daga nan sai bindiga. Duk da haka baka bai sauka da sauƙi ba. A 1899 maharban Sarauniya Mangu a Lugu sun sa ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine ƙona harsashi dubbai. A Burmi, ranar 27 ga Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, kwamandan Ingilishi Manjo Marsh kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Bayan haka baka ya koma hannun maharba da 'yan banga da masu sarautar Sarkin Baka, inda yake har yau.

Masu sassaƙa shi suna ƙarewa, dazukan da ake samun dargaza da gora kuma gatari da gawayi suna cinye su. Muna da Gidan Makama a Kano, da Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga jami'o'i cike da ɗaliban tarihi masu neman abin bincike. A tura su wurin tsofaffin maharba da kyamara, a ɗauki aikin tun daga zaɓen itace har ɗaurin tsirkiya, a rubuta sunayen itatuwan kowane yanki, tun masu sanin suna raye. Kai kuma mai karatu da ka yi tambaya, in Allah ya kai mu Salla mai zuwa, 'yan baka suka zo wucewa, ka ɗaga wayarka ka ɗauke su.