A hannun wa likita ya fara koyon aiki?

Duk likitan da ka gani a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi, akwai ranar da ya fara soka allura a jijiya. To, a hannun wa? Shekaru aru-aru, amsar ita ce a jikin mara lafiya, galibi talaka da ba shi da bakin cewa a'a.

Ungozoma ce ta fara kawo gyara mai ƙarfi. A 1759, Sarkin Faransa Louis na 15 ya ba Angélique du Coudray izinin zaga ƙasar tana koyar da karɓar haihuwa, saboda yawan jariran da ke mutuwa a karkara. Ta ɗinka ƙugun mace da yadi da fata, da jariri na tsumma har da cibiyarsa. Ɗaliba za ta yi ta juya jaririn da ya zo da ƙafa har hannunta ya faɗa, ba tare da ran kowa ya salwanta ba.

A 1960, Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norway, ya fito da Resusci Anne, mutum-mutumin roba da ake koyon hura wa wanda ya suma iska a baki. Amma roba ba ta magana, ba ta jin tsoro ko kunya. Shi ya sa a 1963 Dakta Howard Barrows a Amurka ya fara horar da lafiyayyu su kwaikwayi ciwo, ɗalibi ya yi musu tambayoyi ya duba su. A 1975 kuma Ronald Harden na Jami'ar Dundee a Birtaniya ya wallafa tsarin jarrabawar OSCE, wadda ɗaliban likitanci a Najeriya suka sani sarai: kana tashi daga wannan tebur zuwa wancan, malami na kallon abin da hannunka ke yi, ba haddarka kawai ba.

Kada a ɗauka sai da kayan miliyoyi. Shirin Helping Babies Breathe na 2010 yana amfani ne da 'yar tsanar da ake cikawa da ruwa, don koyon farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba cikin minti ɗaya da haihuwa. Binciken da aka wallafa a 2013 daga asibitoci 8 na Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan horon.

Asibitin Malam, da aka kafa a 1988 don ɗaliban Jami'ar Bayero, dole ne ya ci gaba da koyarwa a gefen gadon mara lafiya, don 'yar tsana ba ta maye gurbin mutum. Abin da tarihin nan ya canza shi ne wanda ke ɗaukar kuskuren farko. Mai naƙudar da aka kawo daga Tarauni da tsakar dare tana da haƙƙin samun hannun da ya riga ya yi kuskurensa a kan roba.