Kanikancin Motar Daji a Batsari da Safana

Gyaran mota mai jan ƙafa huɗu ya kafu a yammacin Katsina ne saboda yanayin hanya. Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina, suna bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙasa ce ta duwatsu da jan burji, ga rafukan yashi da suke bushe ƙayau da rani, amma ruwan dare ɗaya ya ishe su su cika su batse. A zamanin En'e, har da shekaru da dama bayanta, yawancin hanyoyin da suka haɗa garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka na ƙasa ne. Motar da ke ja da ƙafafun baya kaɗai takan kafe a mashigi, ta kwana tana jiran majiya ƙarfi su zo turi.

Motar da ta fara maganin wannan ita ce Land Rover, wadda aka soma ƙerawa a Solihull ta Ingila a 1948. Ta hukuma ce tun farko: Di'o, malaman daji, malaman asibiti da na dabbobi su ne mahayanta. Aikinta ya ƙaru a shekarun 1960, lokacin da aka shiga gangamin allurar bushiya a 1962, aka kuma yi dokar makiyaya ta Jihar Arewa a 1965, dajin Ruma da Kukar Jangarai ya zama wurin da ma'aikata ke zirga-zirga wajen Fulani. Garejin gwamnati yana birnin Katsina, mota kuwa a daji take lalacewa, don haka dole direba ya zama rabin bakanike. Daga irin waɗannan direbobi da yaran garejin hukuma ilimin ya fita zuwa gindin bishiya. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland ya shiga haɗa motar a Ibadan, kayanta suka wadata, tsofaffin da hukuma ta yi gwanjonsu kuma suka faɗa hannun 'yan kasuwa, suna kwaso rogo da dankali da hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Batsari ta ranar Alhamis.

Injin Land Rover na wancan zamani, mai silinda huɗu da lita biyu da kwata, bai cika ba da wahala ba. Abin da hanya ke ci shi ne abin da ke tsakanin inji da taya. Ƙarfi yana fitowa daga inji ya bi ta kuloci zuwa giyabos, daga nan ya shiga wani ƙaramin giyabos da ke raba shi biyu, wanda direbobi ke kira ogzilari. Farfela ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya, kowace ta shiga tukunyar aksil, inda haƙora ke karkatar da juyin su miƙa wa sanduna biyu, wato shaf, su kuma su juya tayoyi. Kusa da ƙafar direba akwai sanda mai jan kai ta giyar ƙarfi, da wata mai rawayan kai da ake dannawa don a haɗa ƙafafun gaba. A kan hanya mai kyau ƙafafun baya ne kawai ke ja.

Binciken bakanike yakan fara da tambaya, kamar na mai magani. Yaushe ƙarar take tashi? Da an taka totur, ko da an ɗaga ƙafa? A kwana ko a miƙe? Kowace amsa tana nuna wuri. Kuka siriri da ke canja murya idan an taka ko an saki totur, haƙoran tukunyar aksil ne suka cinye ko suka kauce wa juna. Gurnanin da ke ƙaruwa idan an sha kwana, boris ɗin taya ne. Ƙwas ɗin da ake ji lokacin tashi, tare da karkarwar da ke ratsa kujera idan an yi gudu, kuros ɗin farfela ne ya mutu. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya kama farfelar ya girgiza, idan ta yi wasa magana ta ƙare. Wasu sukan ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin giyabos, su kafa kunne a ƙotarta. Sai kuma mai: a kwance noti a tsoma yatsa. Idan ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, galibi a mashigi, domin aksil mai zafi idan ta nutse cikin ruwan sanyi takan zuƙe shi ta ƙofar shaƙar iska ko ta mataccen sil. Idan kuma yana ƙyalli da garin ƙarfe, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki.

Babbar cutar motar dai karyewar shaf ce. Na baya, mai tsaga goma a kai, ba ya jure fizga. Direba ya kafe a yashi da lodi, ya cika wuta, taya ta yi ta juyi a banza, sai kwatsam ta kama dutse: a nan ake jin tas. Inji na kuka, giya na shiga, mota ba ta motsi. Mai gaggawa sai ya ce kuloci ne ya ƙone, ya sa a sauke giyabos, aikin yini guda a banza. Gwani kuwa sai ya sa a saka giya ya leƙa ƙasa. Idan farfelar baya na juyi amma taya na tsaye, laifin yana cikin aksil. Idan ya danna rawayar sanda motar ta tashi da ƙafafun gaba, ya tabbatar. Idan farfelar ma ba ta juya ba, kuma hanci ya ji ƙauri, to sannan a koma kan kuloci. Akwai wani haɗari da tsofaffin kanikawa ke jan kunnen yara a kai: birkin hannu na wannan mota a bayan ogzilari yake, farfela yake riƙewa, ba taya ba. Shaf na karyewa sai ya zama ba shi da amfani, motar da aka ɗauka a tsaye take ta gangara kan wanda ke ƙarƙashinta. Shi ya sa waigi ko dutse ke riga sifana zuwa.

Gyaran da kansa bai da wuya. Noti shida ake kwancewa a bakin taya a zaro sandar, ba sai an ɗaga motar ba, tunda nauyinta ba a kan shaf yake ba. Guntun da ya maƙale a ciki ne ke ba da aiki: a zare shaf na ɗaya gefen, a yi ƙoƙarin turo shi da siririn ƙarfe, in ya ƙi a sauke tukunyar gaba ɗaya a wanke ɓarɓashin. Idan babu sabo a kusa, sai a cire farfelar baya a lallaɓo gida da ƙafafun gaba. Masu walda sun sha haɗa karyayyen shaf, amma irin wannan gyara iyakarsa ya kai mota gari. Kamfanin da ke ƙera ta ma ya gane matsalar, ya sa wa doguwar motar, mai inci 109, aksil mai ƙarfi samfurin Salisbury a farkon shekarun 1970.

Abubuwa biyu suka juya sana'ar. Na farko, Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kurarta ta ƙwace jigilar kasuwa duk inda burji ya yi kyau. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon kaya ya gagari mai ƙaramin ƙarfi.  Daga nan aka shiga zamanin kayan Beljiyam, wato na hannu, masu shigowa ta Kwatano, wasu su biyo Maraɗi su sauko Jibiya, da kuma yanka mota biyu a tayar da ɗaya. Bakaniken Batsari ko Safana da ya rasa abu a Katsina ko Dutsin-Ma sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da mataccen ƙarfen a cikin buhu don gwadawa. Wannan zamani ya zo da tasa cutar. Tukunyar aksil ta tsohuwar Land Rover da ta Range Rover suna shiga gurbin juna, amma ɗaya haƙora 47 da 10 gare ta, ɗayar 46 da 13. Idan aka sa wannan a baya, aka bar waccan a gaba, motar za ta tafi lafiya lau har ranar da aka haɗa ƙafa huɗu. A ranar gaba da baya za su ja da gudu daban-daban, su murɗe abin da ke tsakaninsu. Ƙirga haƙora da alli kafin a biya kuɗi ya zama darasin da kowane yaron gareji ke koya, kuma ba ƙaramin darasi ba ne. Jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, ko haɗa tayoyi masu girma daban, yana yin irin wannan ɓarna a hankali.

A waɗannan shekaru ne Toyota ta karɓe dajin, da Land Cruiser da kuma Hilux, wadda samfurinta mai ƙafa huɗu ya fito a 1979. Aksil ɗinta ya fi juriya, amma tana da nata lalurori. Tsofaffin suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba, wanda ake murɗawa da hannu, kuma sau da yawa abin da aka kawo a matsayin mutuwar ogzilari makullin ne ya cushe da ƙasa. Na baya-bayan nan kuwa robar da ke rufe gaɓar shaf na gaba ce ƙaya da kututture ke yagewa, yashi ya gauraya da giris, sai ƙas-ƙas a kwana. Irin wannan gaɓa ba a cika gyara ta ba, sauya ta ake yi, don haka aikin yaran yanzu ya fi karkata ga kwancewa da ɗaurawa.

Rashin tsaron da ya addabi yankin ya sake canja masu kawo gyara. Babur ya zama abin hawan ƙauye, 'yan kasuwa da yawa sun daina shiga lungunan Rugu da mota, a 2021 ma har layin waya aka katse a ƙananan hukumomin biyu. Motocin ƙafa huɗu da ke bin waɗannan hanyoyi yanzu galibi Hilux ne na jami'an tsaro, da na rundunar sa-ido ta al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023, da na ma'aikatan lafiya. Tsohuwar Land Rover ta yi ƙaranci ƙwarai. Wadda ta rage a bayan gareji, jikinta na alminiyam bai yi tsatsa ba, kuma masu zuba tukwane sun fi direbobi tambayar kuɗinta.