Watannin Zuhal: Mutum Za A Aika Ko Na'ura?

Malamanmu na falaki sun san Zuhal tun da daɗewa, suna lissafa shi a ƙarshen taurari masu tafiya da ido ke gani. Abin da ido bai nuna musu ba shi ne zoben da ya kewaye shi da watanninsa, waɗanda lissafin Maris 2025 ya kai 274. Biyu daga ciki ne ke jan hankalin masu burin kai ɗan Adam can: Titan, wanda Christiaan Huygens ya gano a 1655, da Enceladus, na William Herschel a 1789.

Hujjar masu son Titan ba ta banza ba ce. Iskarsa ta fi ta duniya kauri, nauyinta ya kai ninki ɗaya da rabi, tana kuma tare miyagun hasken sararin samaniya. Sai dai sanyinsa ya kai digiri 179 ƙasa da sifiri, tafkunansa na methane ne, ba ruwa ba, iskar kuma ba ta shaƙuwa. Ga nisa. Kumbon Cassini ya tashi a 1997, bai isa ba sai 2004, alhali zama mafi tsawo da mutum ya yi a sama a jere shi ne kwana 437 na Valeri Polyakov, wanda ya sauko a 1995. Ƙashi na zaizayewa a can, tsoka na saki. Saƙon neman agaji kuwa sai ya yi sama da awa guda a hanya.

Hujjar ƙin aika mutum da ta fi ƙarfi a wurina tana Enceladus. A 2005 Cassini ya hango tururin ruwa na feshi daga tsagogin ƙanƙarar kudancinsa, daga baya aka tabbatar akwai teku mai gishiri a ƙasa. Idan akwai ƙwayar halitta a wannan teku, jikin mutum, da ɗimbin ƙwayoyin da yake ɗauke da su, zai gurɓata shaidar tun kafin a karanta ta. Wannan tsoron ne ya sa aka cusa Cassini cikin Zuhal da gangan ranar 15 ga Satumba 2017, don kada wata rana ya faɗa kan watan. Dragonfly da NASA ke shirin harbawa zuwa Titan a 2028 ma na'ura ce, ba ta da matuƙi.

In dai na'ura ce za ta je, to aikin yana hannun mai karanta bayananta, bayanan Cassini kuma a buɗe suke a intanet. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, zai iya sauke su. Ƙaramin madubin hangen nesa ma ya isa ya nuna zoben da Titan a gefensa kamar ɗigo. Duhun daren da ya dace da kallon sama yana nan a Tsafe da gindin dutsen Kwatarkwashi a Bunguɗu, amma a shekarun nan na 'yan bindiga, wane malami ne zai fita da ɗalibansa bayan isha'i?