Yadda Yara Suka Shiga Nunin Amfanin Gona a Amurka

A shekara ta 1807 wani mutum, Elkanah Watson, ya ɗaure tumaki biyu a gindin itace a garin Pittsfield, jihar Massachusetts, domin manoma su gani. Jama'a kuwa suka taru. A 1811 aka yi babban nuni a garin, har da kyaututtuka, gundumomi da yawa suka bi sawu.

Da fari sha'anin manya ne. Amma dattijo ba ya saurin barin noman ubansa, mu ma mun san wannan hali. Saboda haka malamai suka bi ta kan yara. A 1902 A. B. Graham ya tara yara a Ohio suna gwada ƙasa da masara. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka zama 4-H. A 1910 wani yaro, Jerry Moore, ya noma eka ɗaya a South Carolina, masararsa ta fi ninki goma na abin da manya suka saba samu. 'Yan mata suka kawo ɗinki da tumatir na gwangwani.

Har yau yaro yakan yi kiwon maraƙi watanni, ya ja shi gaban alƙalin nuni. Bayan kyauta sai gwanjo, daga nan sai mahauta. Waɗansu yara sukan koma gida da kuɗi suna kuka.