Faifan da aka naɗa a falon mara lafiya: labarin Alan Gowen

 Yau Landan za mu je, shekarar 1981, wani gida a unguwar Tooting da ke kudancin birnin. Mutum huɗu ne a falo da kayan kiɗansu da na'urar ɗaukar sauti. Ɗaya daga cikinsu, wato mai gidan, sankarar jini ta ci ƙarfinsa, kuma makonni kaɗan suka rage masa a duniya. Sunansa Alan Gowen. Faifan da suka naɗa a falon nan shi ne Before a Word Is Said, ma'ana kafin a furta ko kalma ɗaya.

To amma bari mu ɗan koma baya, don in ba ku san daga inda suka taso ba, ba za ku gane nauyin abin ba.

A tsakiyar shekarun 1960, a garin Kantabari na Ingila, wasu samari suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Wilde Flowers. Daga cikinta ne Soft Machine ta fito a 1966, Caravan kuma a 1968. Abin da suka yi shi ne gauraya kiɗan rok da jaz. Shi rok kun san shi, jita da ganga da ƙarfi. Shi kuwa jaz, makaɗi yakan ƙirƙiri abin da zai kaɗa nan take, yana sauraron 'yan'uwansa yana ba su amsa. Suka ƙara da dogayen kiɗe-kiɗe, wani ya kai minti ashirin, da ƙirgen bugu na ban mamaki: maimakon huɗu-huɗu da kunne ya saba, sai ka ji bakwai, ko goma sha ɗaya. Daga baya aka riƙa kiran salon da sunan garin, ko da mai yinsa bai taɓa zama a can ba.

Gowen irin waɗannan ne, ɗan Landan ne, an haife shi a 1947. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne piyano mai lantarki da wata ƙaramar na'urar haɗa sauti mai suna Minimoog. A 1971 ya shiga ƙungiyar Assagai, inda ya yi kiɗa tare da 'yan Afirka ta Kudu da suka guje wa mulkin wariyar launin fata, irin su Dudu Pukwana da Louis Moholo, da wani ɗan Najeriya mai kaɗa jita, Fred Coker. Daga baya ya kafa tasa ƙungiyar, Gilgamesh. A 1975 kuma shi da Dave Stewart, wani gwanin kibod, suka haɗa National Health. Sunan ma abin dariya ne, daga tabarau ɗin Stewart aka samo shi, irin mai arahan nan da hukumar lafiya ta ƙasar ke bayarwa.

Sai dai sun zo a makare. A 1976 da 1977 kiɗan fank ya mamaye Ingila, wato wanda Turawa ke rubutawa punk, irin na su Sex Pistols: waƙa minti biyu ko uku, ihu da fushi, ba ruwanka da iya kiɗa. Kamfanonin faifai suka juya wa masu dogon kiɗa baya. National Health, duk da sun taɓa samun Bill Bruford na ƙungiyar Yes a kan ganga, sai da suka yi shekaru suna neman wanda zai fitar musu da faifai. Na farkon bai fito ba sai 1978, a hannun wani ƙaramin kamfani. Gowen ya fita a 1977, ya dawo a 1979, a tsakani ya yi aiki da Hugh Hopper da Elton Dean, tsoffin 'yan Soft Machine. Kuɗi dai babu. Ana kiɗa a ƙananan ɗakuna, ana tafiya Faransa inda aka fi ganin darajarsu.

Ana cikin haka ciwon ya bayyana.

Ni a ganina, abin da ya sa labarin nan ya cancanci a ba da shi shi ne abin da mutumin ya zaɓa ya yi da sauran kwanakinsa. Bai da kamfani a bayansa, bai da kuɗin babban situdiyo, ƙarfin jiki ma ya yi ƙasa. Sai aka kawo situdiyon gida. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu na 1981, abokansa uku suka zo: Phil Miller a jita, Richard Sinclair a bas, Trevor Tomkins a ganga. Miller da Sinclair sun yi zama a Hatfield and the North, Sinclair kuma haifaffen Kantabari ne, muryarsa ce a faifan Caravan na 1971. Tomkins makaɗin jaz ne da suka yi Gilgamesh tare. Kun ga ba baƙi aka ɗauko haya ba.

In ka saurari faifan, abu na farko da za ka lura shi ne babu gaggawa a cikinsa. Galibinsa kiɗa ne zalla. Inda Sinclair ya sa murya ma yawanci ba kalmomi yake furtawa ba, rerawa kawai yake yana bin jita. Piyanon Gowen na da taushi kamar ƙararrawa daga nesa, Minimoog ɗin kuma na lanƙwasa sauti kamar sarewa. A lokacin duniya ta koma ga gangar inji da sauti mai ƙyalli, su kuwa suka tsaya a kan sautin shekarun 1970. Shi ya sa ko a ranar da ya fito, faifan ya yi kama da tuna baya, kamar tsohon hoto da ka tsinta a ƙasan akwati. Kiɗan da ke ɗauke da sunan faifan shi ne mafi nauyi, a hankali yake tafiya, da duhu-duhu. Ba zan ce muku faifan ba shi da aibi ba. Sautin bai kai na situdiyo tsafta ba, wasu wuraren kuma za ka ji kamar da an sami lokaci da an sake. To lokacin ne babu.

Ranar 17 ga Mayu 1981 Alan Gowen ya rasu, yana da shekara 33. Faifan ya fito a 1982 a hannun wani ƙaramin kamfani, Europa Records. Bai ga fitowarsa ba.

Abokansa na National Health suka sake haɗuwa suka naɗi kiɗe-kiɗen da ya tsara, suka fitar a 1982 da suna D.S. Al Coda. Wannan umarni ne da ake rubutawa a takardar kiɗa: koma baya zuwa alamar, ka sake kaɗawa, sannan ka tsallaka zuwa ƙarshe. Wani abin mamaki, a ƙarshen 1981 ɗin nan Dave Stewart da Barbara Gaskin suka hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya da wata waƙar zamani. Kar ku rikita shi da Dave Stewart na Eurythmics fa, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Hugh Hopper shi ma sankarar jini ce ta yi ajalinsa a 2009. Phil Miller ya rasu a 2017, Trevor Tomkins a 2022. Wanda zai nemi faifan, shawarata ya sa abin kunne, da daddare, bayan gari ya yi shiru. Ku rubuto mana abin da kuka ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.