Jika 240 da miliyan 10: shari'ar Hadijatou Mani

Tun kaka da kakanni, macen da ake duka a gidan miji hanya ɗaya ta sani: yaji. Ta koma gidan iyaye, miji ya zo biko, a ba ta haƙuri, ta koma ɗakinta. In ta nace sai an raba auren, sau da yawa sai ta maida sadakin da aka daɗe da cinyewa. Dokar tsarin kotuna ta 1962 ta bar maganar aure da saki a hannun al'ada, a 2006 kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata.

To, wadda ba ta da gidan da za ta yi yaji fa?

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a yankin Ƙonni kan jika 240, tana da shekara 12. Wahaya aka maishe ta, wato mace ta biyar wadda ba a ɗaura mata aure ba. Shekara tara tana aikin gida da na gona, tana shan duka, tana haihuwa. Dokar 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuka, a 2005 kuma maigidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba ta zuwa ko'ina, wai matarsa ce. Kotun farko ta Ƙonni ta ba ta gaskiya, ta sama ta soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida kan laifin aure kan aure. Ku duba fa, ita aka sayar, ita aka kai gidan kaso.

Ba haƙuri ya fidda ta ba. Ƙungiyar Timidria da wasu ƙungiyoyin waje suka tsaya mata, suka samo lauyoyi, suka ɗauki nauyin shari'a har kotun CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta biya ta diyyar miliyan 10 na CFA. A ganina wannan ne gaɓar da malamai ya kamata su riƙa nuna wa ɗalibai: doka tana nan tun 2003, amma sai da aka samu mai biyan kuɗin mota da na lauya kafin ta yi aiki.

Mata nawa ne za su kai can? Mafi yawa abin da ke hannunsu asusun Mata Masu Dubara ne, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991: zubin mako-mako, da ɗan rancen da kan isa kuɗin mota zuwa gidan iyaye ko gaban alƙali.